Garin Dutsen Yaya Safina

Litinin, 5 ga Mayu
Yaya Safina ta dawo daga jami'a da wani baƙin gari a 'yar kwalba. Wai dutse ne aka niƙa, malaminta ya kawo daga ƙasar waje. Wai lakar ƙasan teku ce, ta kwanta bayan ƙanƙarar da ta rufe duniya ta narke, kafin wata ta sake rufewa. Za a auna yawan halittun da suka mutu aka binne a ciki. Na ce, "Yaya, teku a nan Limawa? Mu da rijiyarmu ma ta ƙafe." Ta ce, "Fa'izu, ka taɓa ka gani."
Ita ta ja wa kanta.

Talata, 6 ga Mayu
Na juye nata a ƙoƙo, na cika kwalbar da garin gawayin da nake haɗa wa Baba tawada. Nufina ta buɗe ta gane, mu sha dariya, shi ke nan.

Laraba, 7 ga Mayu
Ba ta buɗe ba. Ta aika Kano a auna.

Juma'a, 9 ga Mayu
Baba ya tarar da ƙoƙon, ya zuba ƙaro da ruwa, ya yi wa wata tsohuwa, Inna Murja, rubutun sha na ciwon gwiwa. Yana ta mitar tawada ba ta kama allo. Inna ta shanye teku tas. Ban iya dariya ba.

Alhamis, 22 ga Mayu
Sakamako ya zo: gawayi zalla. Malamin ya ce Yaya ce ta yi algus don awon ya yi yawa a yabe ta. Ranar Litinin za ta gaban kwamiti, ƙila kora.
In na faɗa, unguwa ta ji Baba ya shayar da tsohuwa dutse. In na yi shiru, a kori Yaya.

Asabar, 24 ga Mayu
Ba ta cin abinci. Ta ce mini, "Ƙanina, kai ma yau ba tsokana?" Na fice.

Lahadi, 25 ga Mayu
Na kankare ɗan abin da ya bushe a gindin ƙoƙon, bai kai cokali ba, na ƙunshe a takarda. Na daɗe ina kallonsa. Tun kafin kakan kakan kowa yana kwance lafiya, sai da ya gamu da ni.
Na goge farar rigata. Na ce wa Yaya gobe zan raka ta. Rakiya ce kawai. Ƙoƙon ma na sa a jaka.