Shayin da Na Kasa Sha

Yaya Deming,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Kunming. Ya jikin Mama? Tana shan maganinta kuwa?

Ni lafiya lau, binciken da jami'a ta turo ni yana tafiya. Wata huɗu ke nan ina hira da matan da suka sa kai suna dafa wa tsofaffin unguwa abinci. Shugabarsu, Goggo Luo, kullum sai ta tsokane ni: “Farfesa, ajiye biron nan ki yanka kabeji.”

Sai dai shekaranjiya wasu jami'an tsaro biyu suka gayyace ni shan shayi. Babu tsawa, babu zagi. Ɗayan ya tsiyaya mini, ya ce, “Malama Qiu, sunayen matan nan kawai muke so. Yayanki yana nan yana koyarwa a makarantar bakin kogi, ko?”

Na bar shayin a kofin har ya huce.

Kada Mama ta ji. In an tambaye ka, ba ka san aikina ba.

Jami'an sun ba ni wa'adi zuwa Alhamis. Na ƙone littafin rubutuna, don na yi wa matan alkawarin ɓoye sunayensu. Amma sunayen suna kaina, Yaya, kuma ka san tun ina ƙarama ban iya ƙarya ba.

Ƙanwarka,
Lanfen