Tsangayar da Malam yake nufi daban, tawa daban

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana. Ku kuma masu sharhi, na san halinku, ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Wa'azi kam a gidansa aka haife ni, babu wanda za ku yi min da ban taɓa ji ba.

Ni ɗan Madabo ne. Mahaifina malamin soro ne, mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Bai taɓa zama a ajin boko ba, mu ma da ƙyar kawunmu ya shawo kansa ya bar mu muka yi. Mu biyu ne maza. Ƙanena ya haddace Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, ni kuwa haddar ta ƙi zama min. Abin da Allah ya ba ni shi ne kwaikwayo, in na ji muryar mutum sau ɗaya to na ɗauke ta. Ina yaro na taɓa kwaikwayon ladanin unguwarmu, har wata tsohuwa ta ɗauki buta da hantsi. Ranar na sha duka, Malam ya ce, "Kai dai ɗan wasa ne, ba za ka tsinana komai ba." Sunan ya bi ni har na girma. In baƙi suka zo ƙanena ake kira ya yi musu ƙira'a, ni a aike ni siyo ƙanƙara.

Da na je shagon intanet cike fom ɗin neman gurbin jami'a babu wanda ya tambaye ni kwas ɗin da na zaɓa, domin babu wanda ya damu. Sai na zaɓi abin da raina yake so, nazarin wasan kwaikwayo, kuma aka ba ni. Wallahi Anti, ranar da na durƙusa gaban Malam gaskiya na yi niyyar faɗa masa, kawai na ce bari in fara daga sama in gangaro a hankali. Na ce, "Malam, na samu gurbi a jami'a." Ko ɗagowa bai yi daga littafinsa ba ya ce, "A wane fanni?" Na ce, "Tsangayar Fasaha." Haka 'yan boko suke kiran babban sashen da ya haɗa harsuna da tarihi da wasan kwaikwayo, haka ake faɗa a rediyo. Amma a wajen Malam tsangaya guda ɗaya ce, inda ake haddar Alƙur'ani, fasaha kuma ita ce iya fitar da harshen Larabci. Sai na ga ya rufe littafin ya cire tabarau. "Tsangaya? Ashe jami'ar tasu akwai tsangaya? Har da fasaha! To ai sai balaga ta biyo baya." Ya miƙo hannu ya ɗora a kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Tun da nake ban taɓa jin wannan addu'ar daga bakinsa da sunana ni kaɗai ba. Ku gaya min, wa zai iya buɗe baki a lokacin ya ce a'a Malam, ba haka ba ne? Na yi shiru, kuma shirun nan shi nake ta biya wa bashi har yau.

Kafin la'asar ɗalibansa sun ji, kafin Juma'a unguwa ta ɗauka. Ranar da zan je rajista ya kira ni ɗakinsa ya sauko da gafakar kakanmu, a cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu wanda kowa ya ɗauka ƙanena za a bai wa. Na sa hannu biyu na karɓa. Da na fara zuwa lakca ya tambaye ni, "Da Warshu kuke karatu ko da Hafsi?" Na ce da Hafsi. Ya girgiza kai ya ce zamani ke nan, amma duk Alƙur'ani ne. A gidanmu yayata kaɗai ta san gaskiya, don ita ta gani a wayata. Abin da ta ce min shi ne, "Ba dai a bakina za a ji ba, kuma ranar da ta fashe kar ka ambaci sunana."

Ga abin da ya fi damuna, wanda ko ita ba ta sani ba. A darasinmu na farko na gwaji aka ce kowa ya fito ya zama wani mutum da ya sani. Ni da na fito sai na zama Malam. Yadda yake gyaran murya, yadda yake leƙen mutum ta saman tabarau, har da "ba za ka tsinana komai ba". Aji ya kaure da dariya da tafi. Shugabar sashenmu, wata Dakta, ta ce ta daɗe ba ta ga baiwa irin wannan ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na kuma ji kamar in nutse, domin gafakar tana cikin jakata a ƙarƙashin benci.

Ina jin haushin kaina, amma ina jin haushin Malam ma, Allah ya yafe min. Kafin wannan kalma ta tsangaya ni ba ɗansa ba ne? Ni ne dai mai kai shi asibiti, ni ne mai share soron, duk bai gani ba sai da ya yi kuskuren jin kalma ɗaya. Albarkar da na daɗe ina nema ta zo, amma wani yaro aka sa wa, wanda babu shi.

Yanzu Malam ya ce ba a kai ɗa tsangaya ba tare da uba ya je ya danƙa amanarsa a hannun gwani ba, kuma ya yi jinkiri da yawa. Litinin mai zuwa zai bi ni. An kai babbar rigarsa wajen masu bugu, ya sa an siyo goro da turare. Litinin ɗin nan kuma ita ce ranar da sashenmu yake karɓar sababbin ɗalibai, da ganguna da fenti a fuska. Wani abokina ya ce mu samu ɗan aji huɗu mai gemu mu naɗa masa rawani ya zauna a masallacin makaranta a matsayin gwani. Abin kunyar shi ne na san zan iya koya masa, kuma na san Malam zai yarda.

Yau da safe ina zuba masa ruwan alwala ya ce min, "In mun je ba zan tsawaita ba. Zan ce masa, Gwani, wannan shi ne wanda na fitar da rai da shi, ga shi Allah ya dawo min da abina."

In na faɗa masa gaskiya zai karɓe gafakar, wannan zan iya jurewa. Hannun nan da ya ɗora a kaina ne ban san yadda zan yi in ya janye shi ba. Anti, jama'a, Litinin ta kusa. Me zan yi?