Bindigar da Na Zaɓa Saboda Mai Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Ni ne ɗanki Sule tela, daga gidan nan namu na Tudun Wada. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, ban taɓa ɗaukar alƙalami dominki ba sai yau, don maganar da ke bakina ba wanda zan iya faɗa wa ido da ido.

Inna, na sayi bindiga. Ni ɗin nan da kike cewa ko kaza aka ba ni in yanka sai na nemo maƙwabci.

Kin tuna Ummi, mai sunanki? Kin bar ta tana tatata, yanzu shekararta shida. Wata biyu da suka wuce uwarta ta aike ta ɗebo wuta a maƙwabta, wani jan kare mai dalalar da miyau ya cafke ta a ƙwauri. Ciwon ɗan kaɗan ne, ko kuka ba ta daɗe tana yi ba. Aka wanke da ruwan zafi aka ɗaure.

Malam Yohanna, maƙwabcinmu mai aiki a asibiti, ya tako har shagona ya ce karen nan mahaukaci ne, in kai ta a yi mata allura a ciki, kullum, har sai an gama. Na dubi ɗan cikin yarinyar, na ji ba zan iya riƙe ta ana soka mata ƙarfe ba. Dattawan zaure kuwa suka ce maganin da muka gada shi ne a kashe karen da ya yi cizon, a ƙona gashinsa a shafa wa ciwon. Na ce wa kaina wannan ya fi mata sauƙi. Gaskiyar magana, Inna, ni ya fi wa sauƙi.

Karen ya gudu wajen Dutsen Abba, kuma ba mai yarda ya tunkare shi da sanda. Sai na shiga neman bindiga.

Na fara zuwa wurin wani maƙeri a Tudun Jukun. Ya miƙo mini adaka, doguwa kusan tsayina, wadda ake ɗura wa albarushi a danna da tsumma, harbi ɗaya ta gama. Da na ɗaga ta sai bakin ya rinjaye ni, masu zaman maƙera suka tuntsire da dariya. Daga nan aka kwatanta mini Saje Garba, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama. Ya fito da libarba, ƙaramar bindigar hannu, naɗe cikin tsohuwar safa. Ta zauna mini a hannu kamar almakashina, ga shi za ta ɓuya a aljihu, tunda ba ni da takardar izini. Saje bai ruɗe ni ba. Ya ce wannan ba ta farauta ba ce, sai kana ganin ƙwayar idon abu take samun sa.

Kwana huɗu ina kai-komo tsakanin maƙera da gidan Saje, ina auna nauyi, ina neman shawara, sai ka ce mai zaɓen yadin sallah. Kwana huɗu, Inna. Asibiti kuwa ta fi maƙerar nan kusa da ƙofar gidanmu.

Ƙaramar na ɗauka. Na rufe shago na bi sawun kare. Sau biyu na hange shi, sau biyu na harba na sami ƙasa. A rana ta biyar na tarar da shi a gindin wata tsamiya, ya riga ya mutu da kansa. Da almakashina na yanko gashin. Na ƙona, na shafa tokar a kan ciwon da ya riga ya warke, na koma kan keken ɗinkina ina ganin na yi abin da uba zai yi.

Shekaranjiya Ummi ta tashi da zazzaɓi. Jiya uwarta ta miƙa mata moɗa, ta ture tana karkarwa, maƙogwaronta ya shaƙe. Ƙishirwa take ji, da bakinta take roƙon ruwa, amma da ta gan shi sai ta firgita. Malam Yohanna ya zo ya duba ta, ya sunkuyar da kai, ya ce lokacin allura ya wuce, sai addu'a. Bai ce ai na gaya maka ba. Wallahi da ma zagina ya yi.

Da safen nan na mayar wa Saje bindigarsa. Ya karɓa ya naɗe ta cikin safarta.

Kin sha cewa da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Tawa tana gabana, kwance a kan tabarmarki. Ina jin tsoro, Innata, ina kuma jin kunyarki. Na sa mata sunanki ne don kada gidan nan ya rasa ki, ga shi da hannuna zan sake rasa ki.

Allah Ya gafarta miki, Ya gafarta mini, Ya sassauta wa yarinyar nan abin da ya rage. Na tuna ba ki taɓa barin baƙo ya gama gaisuwa ba sai kin kawo masa moɗa daga randar ɗakinki. Idan ta iso, Inna, ki fara ba ta ruwa.

Ɗanki,
Sule