Ƙarfen Bakin Faruk Bai Yi Tsatsa Ba

Zuwa ga 'yar nan,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ni ce, uwarki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba, kuma hakan ya fi mini, don da kina nan da kin ɗauki jan biro kin bi rubutuna kina gyarawa, kamar yadda kika saba tun kina aji shida. Yau babu gyara, babu katse ni. Ki kwanta ki saurara, raina a ɓace yake da ke.

Labarin gida ba yawa. Na rufe ɗakina na Dutse Alhaji na dawo gidanku da zama tun bayan arba'in ɗinki. Gwiwata tana nan da halinta. Filin bayan gidanku da kike cewa iska na shigowa ta nan, an kafa bene hawa huɗu a kai. Garin nan kullum ka farka sai ka ga sabon gini, kamar ana shuka su da damina. A ofishinku an ba wata kujerarki, ta zo gaisuwa, ba ta kai ki tsawo ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Angona, ɗanki Faruk, saura ƙiris ya biyo ki. Kin ji ko? Wata biyu ke nan. Wani ɗan ajinsu ya yi bikin ranar haihuwa a otal, irin mai tafkin iyo a tsakar gida. Yara duk suka faɗa ruwa suna ihu. Naki yana tsaye a gefe da riga da wando da takalmi, shekara goma sha uku, yana riƙe wa mutane tawul, don uwarsa ta ce kada ya kuskura ya shiga ruwa sai an cire masa ƙarfen haƙori, wai maganin da ake zubawa a ruwan zai sa ƙarfen ya yi tsatsa. Wani yaro ya zo a guje ya bangaje shi, ya faɗa ta wajen mai zurfi. Bai san yadda ake ɗaga kai ba, balle motsa hannu. Sai da mai tsaron wurin ya yi tsalle ya ciro shi, ya sha ruwa ya ƙoshi, bakinsa ya bugi gefen siminti, ƙarfen ya tsaga masa leɓe ta ciki. Da aka kawo shi gida rigar duk jini. Na ce masa ango, ina ka kai kyan da na aure ka dominsa? Ya so ya yi dariya, bakin ya hana shi. Ni kuma na shiga banɗaki na yi kukana.

Kin san abin da ubansa ya ce? Wai ga shi nan, marigayiya ta faɗa, ruwa da ƙarfen nan ba sa haɗuwa. Injiniya guda, mai gina gadoji! Yaro ya kusa mutuwa don bai iya iyo ba, shi kuma abin da ya gano shi ne a ƙara nisanta shi da ruwa. Maganar da kika yi kina tsaye a kicin kina yanka albasa, ya ɗauke ta ya mai da ita wasiyya. Da kina raye da na zauna da ke mun yi ta har kin sauko. Amma wa zai yi gardama da wanda yake kabari? Kin kafa doka kin tafi da makullin, kin bar mu da yaro a bakin ruwa.

Tun farko ma me ya kai ki? Wushirya ce fa da yaron, irin taki sak, wadda samarin garinmu suka yi ta zarya a ƙofar gidanmu dominta. Kuɗi ya shigo Abuja, kowa ya kama gyaran abin da bai lalace ba, ke ma kika ɗauki mijina kika kai aka ɗaure masa baki da waya kamar kejin kaji. Na yi shiru a lokacin, na ce ɗanki ne.

Wannan karon ban yi shiru ba. Da aka mai da shi wurin likitar haƙori a canja wayar da ta lanƙwashe, na bi su. Yarinya ce 'yar Filato, Hausarta tana mai da mace namiji, amma kanta na ja. Na tambaye ta gaba da gaba. Ta ce ƙarfen nan ba ya tsatsa, ai cikin miyau yake kwana yake tashi. Ta ce ya yi iyonsa, abin kiyayewa shi ne duka a baki: ban da tsalle da ka ta wajen da ba zurfi, ban da kokawa cikin ruwa, in kuma wasan ƙwallo ne a ruwan akwai roba da ake sawa ta rufe haƙoran. In ya fito ya kurkure baki da ruwa mai kyau, in waya ta soke shi ya manna mata ɗan kakin da ta ba shi. Ta ce da irin na roban nan ne mai kamar gilashi da ake cirewa, da sai ya cire ya sa shi a ɗan akwatinsa kafin ya shiga don kada ya ɓace a ruwa. Shi ke nan fa. Ke da digirinki biyu, ba ki taɓa yi mata wannan tambayar ba? Ko kin yi, amsar ce ba ta yi miki ba?

Na roƙe ta tsohuwar wayar, ta naɗe mini a takarda tana dariya. Washegari na ɗauki gora na hau tasi har otal ɗin. Mai gadi ya tare ni, na ce masa oga, ruwan tafkinku aka ce in samo a haɗa mini maganin gwiwa. Shi da kansa ya ɗebo mini, har da yi mini fatan samun sauƙi. Allah ya yafe mini wannan. Na zuba ruwan a ɗan kaskon nan na Ushafa da kika saya don ado kika hana kowa taɓawa, na jefa wayar, na jefa ƙusa ɗaya a gefenta, na tura ƙarƙashin gado. Sati shida ina ƙara ruwa. Ƙusa ta yi jawur kamar an tsoma ta a manja. Wayar tana nan fes, tana ƙyalli.

Jiya bayan la'asar na ɗauki kaskon na dire a gaban mijinki. Kin san shekara goma sha biyar ban taɓa zama kujera ɗaya da shi ba, ko ruwa ban sha a gabansa ba. Jiya na ajiye kunyar surukuta a ƙofar falo. Ya daɗe yana kallon kaskon. Sai ya ce shi ba tsatsa ce ta dame shi ba, maganarki ce, in ya karya ta ji yake kamar ya sake binne ki. Ya ce ke kika ɗaure, ke ce za ki kwance. Idonsa ya kawo ruwa. Nan na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa miki ba.

Tsatsa ba ita kike tsoro ba, na sani. Ruwan kike tsoro, kuma ni na sa miki. Kin tuna kogin bayan garinmu, can wajen Abaji? Ni a cikinsa na girma, ina tsallaka shi da ƙwarya a ka, har maza ina tsere wa. Amma da kika fara tafiya kina bin mu wanki, sai tsoro ya kama ni, ke kaɗai gare ni a lokacin. Maimakon in koya miki, sai na ƙirƙiro miki wata tsohuwa a ƙarƙashin ruwa, mai dogon gashi, wadda take leƙen bakin yara, in ta ga mai wushirya ta ja ƙafarsa. Na iya ba da labari, kin sani. Har muryarta nake yi miki. Kika daina zuwa kogi, na ji daɗi, na ce dabarata ta ci. Kika girma, kika hau jirgin sama, amma ko gada za mu hau a mota sai na ga kin rufe ido. Ina gani ina dariya, ban taɓa ce miki ƙarya na yi ba. To gaya mini, don tsohuwar nan kika sa aka rufe wa Faruk wushiryarsa? Tambayar nan ta hana ni sakat.

Babu wata tsohuwa a ƙarƙashin ruwa. Tsohuwa ɗaya ce, ga ta nan riƙe da biro.

Na ce wa mijinki tunda ni na ɗaura miki, ni zan kwance, kuma zan rubuto in sanar da ke. Ya ɗauka wasa nake. Amma yau da safe na ga sabon gajeren wando shuɗi a kan gadon Faruk, da 'yar robar baki a leda, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Gobe Asabar ƙarfe goma za a fara koya masa, an samu malami. Zan zauna a gefe in tsoma ƙafata, in ga ko malamin ya kai ni. Ɗan naki, angon nawa, yana ta murna, yana kuma tsoro, ya tambaye ni ko Mami za ta yi fushi. Na ce masa in ta yi, ni ce uwarta.

Ba izini nake nema ba, don haka kada ki zo mini a mafarki da fuskar nan taki ta ofis. Abu ɗaya ya rage. Ke ce 'yar fari, shekara arba'in da ɗaya ban kira sunanki ba, daga 'yar nan sai waccan. Ko ranar da aka fito da ke za a kai ki makwanci, bakina ya buɗe ya kasa. An ce kunya ce. Yau na gaji da ita.

Bilkisu. Bilkisu, ki yafe mini tsohuwar nan, ki sakar mini yaron ya shiga ruwa.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta. Sai na zo, ma ƙarasa faɗan.

Ni ce uwarki,
wadda ta iya iyo ta hana ki.