Shekara uku ina kai farar takarda Sandamu

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk mai karanta wannan fili. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Ina roƙon kada a buga sunana, kuma ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Ba wanke kaina na zo yi ba. Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar yayana, kuma abin da zan rubuta ban faɗa wa kowa ba, har matata.

Yayana yana da shagon buga takardu a Daura, kusa da kasuwa. Ni ne autan gidanmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun da na gama firamare nake aiki a ƙarƙashinsa, shekara goma sha huɗu ke nan. Tafireta biyu gare mu. Mutane suna kawo mana takardar sayen gona ko gida, da rabon gado, da wasiƙar neman aiki. Yaya yana da ƙa'ida guda wadda duk garin ya san shi da ita: duk takardar da ta shafi ƙasa ko gado, uku ake bugawa a tashi ɗaya, da kabon a tsakani. Ta sama a ba mai ita, ta biyu a sa a kabad ɗin shago, ta uku kuma a tara, duk ranar Juma'a a ɗaure a kai Sandamu gidan Gwaggonmu, a sa a wani akwatin ƙarfe. Dalilinsa shi ne, tun yana rubuta wasiƙa a gindin bishiya, wata damina rufin ɗakinsa ya zubo a kan takardun da aka ba shi ajiya, har wani tsoho ya rasa gidansa ta dalilin haka. Daga ranar ya ce ba zai ƙara ajiye amanar mutane a wuri ɗaya ba. Sau biyu ana kawo takarda daga akwatin nan gaban alƙali tana raba gardama.

Da arzikin man fetur ɗin nan ya shigo, aiki ya yi mana yawa. 'Yan kwangila, maniyyata aikin hajji, masu neman aikin gwamnati, layi har bakin titi. Sai Yaya ya ɗauki aikin 'yan kwangila da zirga-zirgar ofisoshi, ya bar mini takardun ƙasa gaba ɗaya, ya ba ni hatimin shago, ya ce in riƙa sa hannu da kaina. Wanda bai taɓa buga takarda uku a haɗe ba bai san wahalarta ba. Sai ka daidaita su, sai ka daki harafi da ƙarfi kafin ta ukun ta fito, in ka yi kuskure ɗaya sai ka goge sau uku. Wata ranar Alhamis mutane sun cika shago, yatsuna suna zogi, na sa biyu kawai, na ce gobe da safe in sake buga ta ukun. Goben ta zo da nata layin. Da zan tafi Sandamu na ga ƙunshin ya yi siriri, na ji kunyar Yaya ya gani, sai na ƙara fararen takardu da waɗanda suka lalace, na naɗe da takardar buhun siminti, na ɗaure da zare, na rubuta kwanan wata a bayansa kamar kullum. Ba wanda ya ce komai. Mako na gaba na maimaita. Kafin wata uku na daina buga ta ukun sam. Shekara uku, Malam Edita. Duk Juma'a in hau babur da ƙunshi a baya, in gaida mutane a hanya, suna cewa a gaida Gwaggo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Gwaggo take kula da akwatin nan. Ba ta iya boko ba, ba ta taɓa kwance ƙunshi ɗaya ba. Ta ɗora shi a kan duwatsu huɗu saboda gara, tana zuba ganyen darbejiya a ciki, in damina ta wuce ta sa a fito da shi rana ta zauna tana gadinsa da sanda kada akuya ta matso. In na miƙa mata ƙunshi sai ta auna shi a hannu ta ce, "Auta, na wannan makon da nauyi. Allah ya ƙara buɗi." Ni kuma in ce amin. Wane irin mutum ne yake cewa amin a nan?

Allah ya ba ni damar gyarawa, ban ɗauka ba. Akwai wani Malam Idi mai gyaran tafireta, daga Kano yake zuwa duk farkon wata, ya bi shaguna da ofisoshin da ya yi yarjejeniya da su, ya sa mai, ya canja abin da ya ci, ko na'ura ta lalace ko ba ta lalace ba. Wata rana yana goge haruffa da ɗan buroshinsa sai ya ce wa Yaya, "Malam, akwatin nan naku da ake ta yabo, yaushe rabonka da ka buɗe shi?" Yaya ya ce, "Auta ne ke kaiwa." Malam Idi ya ce, "Ban tambayi mai kaiwa ba. Ni ko na'urar da na gyara da hannuna, sai na buga layi ɗaya na gani da idona kafin in ce ta gyaru." Bakina ya riga ni. Na ce, "Malam Idi, faɗi gaskiya, furar Gwaggo kake so a kai ka ka sha." Aka yi dariya. Malam Idi ya ce, "To ai ko don furar sai a je." Yaya ya ce in an sha ruwa bayan Salla za mu je tare. Na yi niyyar in zauna in sake buga su daga na kabad kafin lokacin. Na duba yawansu, na rufe kabad ɗin. Salla ta wuce, Yaya bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba.

Sai gobara ta tashi ranar wata Talata bayan azahar, daga bayan shagon maƙwabcinmu da yake ajiye fetur a duro. Ba nan take ta kamo rufinmu ba, ta ɗauki lokaci. Maƙwabta suka taho a guje, maza huɗu ƙarfafa, suna cewa, "A fito da kabad! A fito da kabad!" Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa ya ce, "Kada wanda ya shiga wuta saboda takarda. Akwai na Sandamu." Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Ko ba haka ba, Auta?" Na ce, "Haka ne, Yaya." Kalma uku. Da na ce a'a, na rantse da akwai lokacin da za a jawo kabad ɗin nan har tsakiyar titi. Me na ji tsoro? Idon mutane? Fuskar Yaya? Har yau ina tambayar kaina. Mutanen suka koma taimakon wasu shagunan. Yaya da kansa ya shiga sau biyu ya fito da tafiretocin, domin su a ganinsa ba su da na biyu. A shiga ta biyun ya shaƙi hayaƙi mai yawa. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti ƙirjinsa yana ƙara, sannan Allah ya karɓi abinsa. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna ya ce, "Kada ka damu da shago. Ka ɗauko akwatin ka ci gaba. Alhamdu lillahi, amanar mutane dai ba ta ƙone ba." Ya rasu hankalinsa a kwance, a kan ƙaryata.

Na ɗauka hukuncina ke nan, in rayu da wannan a ciki. Sai ga shi makon jiya wata mata ta yi sallama a rumfar da nake zama yanzu. Daga wani ƙauye take kusa da Baure. Mijinta ya sayi gona shekara biyu da suka wuce, ni na buga takardar. Ya rasu bara, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, gonar ce abincinsu. Wanda ya sayar shi ma ya rasu, kuma da aka fara share hanyar da za ta bi ta gefen gonar, 'ya'yansa suka tashi suka ce aro ubansu ya bayar, ba sayarwa ba. Ta buɗe kwallar da ta ɓoye takardar a ciki, ta tarar gara ta cinye ta saura gefe. Shaidu biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi Ikko neman aiki ba a san inda yake ba. Alƙali ya san akwatin Yaya, shi ya ce ta zo ta karɓo. Ta yi mini ta'aziyya, ta ajiye kwanon gyaɗa a gabana, ta ce daga gonar ne. Sannan ta ce, "Malam, ni ban san karatu ba. Amma maigidana ya ce mini ko tamu ta ɓace kada in tsorata, tana da 'yar'uwa a Sandamu." Na ce mata, "Baiwar Allah, ki ba ni kwana kaɗan in duba." Ta ce, "Ai ba gaggawa, na san tana nan. Allah ya jiƙan mai gaskiya."

Ga inda na tsaya. Tafiretar da na buga takardar tana wurina, hatimin yana wurina, sa hannun nawa ne. Zan iya sake buga ta da tsohon kabon, in sa tsohon kwanan wata, ba wanda zai gane. Na san sayarwa aka yi, a gabana aka yi ta. Amma alƙali zai ba ni Alƙur'ani in rantse cewa daga akwatin ta fito. Kuma akwai abu ɗaya: iyakar gabas, na kasa tunawa ko tsamiya aka rubuta ko burtali, kuma matar ta ce tsakaninsu da nisa. In na zaɓi ɗaya na kuskure, ko na ci haƙƙin marayunta ko na ci na wasu, da hannuna, da rantsuwa a kai.

In kuwa na ce na duba ban gani ba, za a ce Yaya ne ya yi sakaci, shi da ba ya nan balle ya kare kansa. In na fito na faɗi gaskiya duka, ba kunyata kaɗai ba ce. Duk wanda ya sayar da gona ko gida a cikin shekara ukun nan, yake kallonta yanzu da ta yi daraja, zai ji cewa ba wata takarda a ko'ina sai wadda ke hannun mai saye. Mutane nawa ne tasu ta jiƙe ko ta ɓace, suna barci a kan cewa akwai ta Sandamu? A yanzu tsoron akwatin nan ne kaɗai yake tsare su. Ranar da na buɗe baki, tsoron ya ƙare.

Ban taɓa gyaɗar ba. Matata ta tambaye ni ko a soya wa yara, na ce a bari tukuna. Ranar Alhamis ta sama ne zaman alƙali, matar ta ce za ta biyo ta wurina da safe mu tafi tare.

Malamai da dattawan da ke karanta wannan fili, ku dubi Allah ku ba ni amsa kafin ranar. In buga in rantse, ko in tsaya gaban alƙali in ce babu?

Me zan yi?