Awon Hannun Riga

Gadarif, Sudan
6 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga matata Tabita,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kina lafiya, ke da Jummai da Ishaku. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Yaya mutanen Wusasa da matan zumunta? Yaya keken ɗinkinki mai kukan tsohuwar akuya? Ki gaishe su duka, har da keken.

Wasiƙarki ta same ni. Na ga inda kika ce Jummai ta zana kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti a bangon kicin da gawayi, kullum tana goge ɗaya. Tabita, ki sa ta goge su duka. Ba zan zo bana ba. Na san haka na faɗa bara, haka na faɗa bara waccan, na kuma san wannan karon har a gaban Fasto kika karanta alkawarina. Ba ni da hujjar da za ta gamsar da ke, don haka ba zan ƙaga wata ba.

Damina ta yi kyau a nan. An ce a gonakin Simsim riɗi ya yi yadda tsofaffi ma ba su taɓa gani ba, an yanke shi an jingine dami-dami yana shan rana, dawa kuma ta sunkuyar da kai. An ce, domin ni ban je ba. Ina cikin gari a gidan Baba Lado, mai gonar da nake gyara wa tarakta. Kin san shi a wasiƙa: shi ne wanda kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa za shi Makka, ya tsaya a nan ya ɗan huta, har yau jikokinsa ba su gama hutawa ba. Matarsa, Inna Zainaba, ita ke aiko mini abinci ɗaki. Ina ci ni kaɗai. Ɗansu Jibrin, direban taraktar, yana can gona, rabona da shi wata guda ke nan.

Za ki ga rubutun ya karkace. Kada ki sa shi a ranki. Kwana uku na yi ina wannan 'yar takardar.

Kin saba in rufe wasiƙa da abu ɗaya na godiya, kamar yadda kike tsare mu kowace safiya bayan addu'a, ba mai shan koko sai ya faɗi nasa. Yau na duba ban samu ba. Mai yiwuwa yana nan, ni ne ban gan shi ba.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Ɗanlami


Gadarif
11 ga Disamba, 1988

Zuwa ga Tabita,

Bayan gaisuwa da fatan alherin Ubangiji yana tare da ku, ina tambayar lafiyarki da ta yara da ta Mama. Na ji Ishaku ya fara famfara. Ki ce masa kada ya riƙa sa harshe a gurbin.

Kin ce kin jera wasiƙuna a kan gado kin gwada, kin ce shekara goma sha ɗaya kina karanta hannuna, wannan ba shi ba ne. Kin tambaya ko wata ce ta rubuta mini. Da lokacin da ne, da na yi dariya har na ƙware, in kuma bar ki kina tafasa wata guda kafin in ba ki amsa. Babu wata, Tabita. Hannuna ne, na hagu. Na dama babu shi.

Ranar huɗu ga Oktoba ne, a Simsim. Ina shirya injin casar dawa tun kafin kaka. Taraktar ce ke juya shi, bel ɗinsa kuma ya goce, na kwanta a ƙasa na zura hannu ciki har kafaɗa. Shekara ashirin, duk lokacin da zan shiga ƙarƙashin inji sai na zare makulli na sa aljihu. Ni na koya wa Jibrin wannan, har na taɓa zaginsa a kai. Ran nan na bar makullin a jiki. Jibrin ya zo ta wancan gefen, bai gan ni ba, ya ga makulli, ya tayar. Ba sai na faɗi sauran ba.

Shi ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini dantse, shi ya ɗora ni a mota, ya yi ta fama da baƙin taɓon nan nasu awa bakwai kafin mu iso asibitin gari. Likitoci suka yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu. Tun da ya sauke ni ya koma gona, bai ƙara bari mun haɗa ido ba.

Za ki so ki ji ko na sha azaba. Ban sha ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ban yi ihu ba ran nan, ban yi kuka ba har yau. Ciwon ya warke sumul, likita ma har yabon kansa yake yi. Wani lokaci yatsun da babu su suna yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa iska. Ban da wannan ba na jin komai. Mutanen unguwa suna shigowa suna cewa hamdilla ala salama, wato an gode wa Allah da na tsira, ni kuwa in gyaɗa kai kamar da wani suke. Na je coci sau ɗaya. Mutanen Kudancin Sudan da Habashawa suna ta waƙa suna tafi, ni ina zaune kamar buhun dawa. Kada ki zaci fushi nake da Allah. Da fushi ne da sauƙi, ai mai fushi yana magana. Ni in na durƙusa sai in ji kamar injin da aka cire wa batir, a murɗa makulli ko ƙyas.

Kin san me ya fi tsaya mini? Abinci. A nan maza ba sa ci a ɓoye. Ana fito da babban tire ƙofar gida, a zauna a kewaye, har mai wucewa a kira shi. Shekara uku ina sa hannu tare da su, ba wanda ya taɓa ce mini komai a kan addinina. Yanzu da wane hannu zan sa? Hagun da kowa ya san aikinsa? Ko wanke shi ba na iya yi da kyau, sai dai in matse buta da gwiwoyi in karkata. Baba Lado ya aiko a kira ni ya fi sau goma, na ce ba ni da lafiya.

Shekara uku kina roƙon Allah ya dawo miki da ni. In wannan ce amsar, ki gaya masa ban gane ba. Na bar gida da akwatin sifana da hannu biyu, Ishaku yana cika baki a makaranta cewa babu motar da ta gagari babansa. Ba zan iya sauka a tashar Zariya da hannun riga yana reto ba. Baba Lado ya ce in zauna, wai kunnena kawai ya ishe shi, tun da ina jin ciwon inji daga kukansa. Ina ganin zan zauna. Ki gaya wa yara yadda kika ga ya dace, ke kika fi ni iya magana.

Babu abin godiya a wannan ma. Ki yi haƙuri.

Mijinki,
Ɗanlami


Gadarif
29 ga Janairu, 1989

Zuwa ga matata Tabita, uwar Jummai,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Yesu, da barka da sabuwar shekara ko da ta tsufa kafin ta iso. Ina fata kuna lafiya, Mama kuma ta samu sauƙi. Ki gaishe da Fasto da iyalinsa.

Na karanta wasiƙarki. Kin ce a sujadar sabuwar shekara, lokacin da ake ba da shaida, kin miƙe a gaban jama'a kin ce kina gode wa Allah domin inji ya kama mijinki amma bai haɗiye shi ba. Kin ce kin yi kukanki kwana biyu tukuna, a bayan keke, inda yara ba za su gani ba. Zan gaya miki gaskiya: da na karanta ban ji daɗi ba, ban kuma ji haushi ba. Na ce a raina, Tabita ke nan, ko gidanta ke cin wuta za ta gode da hasken.

Amma ƙarshen wasiƙar ya tsaya mini a rai. Ba ki roƙe ni in dawo ba, ba ki yi mini wa'azi ba. Kin ce shaddar da kika saya don Kirsimeti tana nan, kin yanka kaftani, saura hannun dama. Kin ce in aiko miki da awo daga kafaɗa zuwa inda hannun ya tsaya, domin mijinki ba zai yi yawo da hannun riga a naɗe da fil kamar mai kayan aro ba. Na sa takardar ƙarƙashin tabarma, ta kwana tara a wurin.

To, akwai wata al'ada a nan da suke kira karama. In mutum ya tsallake hatsari ko ya tashi daga ciwo, sai a yanka dabba a ciyar da unguwa don godiya ga Allah. Tun ina asibiti Baba Lado ya ɗaure rago, yana jira in ce na shirya. Da aka gama casar dawa ya ce ragon ya gaji da jira, ranar Juma'a za a yi. Na aika masa cewa ni ba ni da abin da zan gode a kai, kada ya ɓata ragonsa. Inna Zainaba ce ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce godiyar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ta ce saura ƙiris a shigo mata da gawar baƙo gida, ɗanta kuma ya ƙare rayuwarsa da jinin mutum a wuyansa, don haka in ni ba ni da bakin godiya, in fito in zauna kawai, su suna da shi. 

Na fito bayan an sauko daga masallaci. An shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙofar gida, maza sun kai talatin. Na zauna a gefen Baba Lado, na cusa hannuna cikin riga, niyyata in an fara ci in sulale. Aka kawo tire. Kafin a ci, ɗan gida ne ke zagayawa da buta da kwano da sabulu. Sai na ga Jibrin. Tabita, da ƙyar na gane shi. Mutumin da ke ɗaga tayar tarakta shi kaɗai, yanzu wuyansa duk jijiya.

Ya bi layi yana zuba wa kowa, har ya iso kaina. Na sunkuyar da kai ina jira ya wuce. Bai wuce ba. Ya ajiye butar, ya durƙusa a kan ƙasa, ya sa hannu cikin rigata ya jawo hagun nan waje a gaban kowa. Ya shafa sabulu. Ya wanke yatsa ɗaya-ɗaya, ya bi tsakaninsu, ya bi ƙarƙashin farce inda baƙin mai ya maƙale tun Oktoba.  Ya ɗauraye, ya goge da bakin rawaninsa. Sai Baba Lado ya juya tiren, ɓangaren da nama ya fi yawa ya fuskance ni, ya yi bisimilla ya fara ci kamar ba abin da ya faru.

Ruwan da sanyi, Tabita. Daga randa aka ɗebo shi. Na ji sanyinsa ya bi ta wuyan hannu ya hau har ƙeya. Tun ranar huɗu ga Oktoba, wannan ne abu na farko da na ji.

Na tuna Alhamis ɗin nan ta kafin Ista, lokacin da Fasto ke wanke ƙafafun dattawa, ni kuma ina yi miki raɗa cewa ai duk sun wanko abinsu daga gida. Nawa hannun bai wanku daga gida ba. Sai na ji bakina ya ce na gode. Ban san da wa nake ba, ko da Jibrin ko da Ubangiji. Ina tsammanin su biyun sun ji. Daga nan na sa hannu na ci, na ci da yawa ma, abin kunya.

Kada ki zaci na warke. Yawancin kwanaki har yanzu a bushe nake. Washegari na durƙusa zan yi addu'a, abin da ya fito kawai sunayenku ne, ke da yara da Mama, sai kuma na Jibrin. Na faɗe su na tashi. Amma injin ya yi tari, ke ma kin san in ya yi tari akwai sauran rai a ciki.

Na bar wa Jibrin akwatin sifana. Na ce masa ya riƙa zare makulli. Zan tashi zuwa Hartum ranar goma ga Fabrairu, jirgin Kano kuma ranar sha huɗu. Ki gaya wa Ishaku gaskiya tun yanzu, kada ya fara gani a tasha. Ki kuma ba Jummai gawayi.

Abin godiya na yau: ruwan sanyi, da mace wadda ta san hannuna ko a takarda.

Za ki ga zare baƙi a cikin ambulan, kada ki yar. Shi ne awon, daga kafaɗa zuwa inda hannun ya tsaya. Jibrin ne ya auna mini, shi kuwa ba tela ba ne, don haka ki ɗan ƙara kaɗan.

Ubangiji ya tsare ku har mu sadu.

Mijinki,
Ɗanlami