Inna, Ummi Tana Ce Mini Anti

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba. Ko da kina raye ma, sai an karanta miki. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan sai ke.

Ba ranar da aka ɗauke ki na gane abin da ya same ni ba. Sai ranar addu'ar uku, mata sun cika tsakar gida, Ummi ta yi tuntuɓe da turmi ta fasa gwiwa. Na miƙa mata hannu, ta wuce ni da gudu ta shige ɗakinki tana kiran ki. Da ta tarar babu kowa a kan gado, ta dawo ta tsaya gabana, ta ce Anti ta nuna mata inda Inna ta tafi. Anti, ni ke nan. Ni da na haife ta.

Kin tuna ranar da na kawo miki ita yaye, a kan acaɓa daga Roni. Kika karɓo rubutu wajen malam, kika dama kunu, kika ce in tafi kada in waiwaya. Shirinmu shi ne idan ta manta da nono in zo in ɗauke ta. Kafin ta manta aka mayar da ni ƙaramin asibiti a can cikin Gwiwa, mu ma'aikata biyu kacal ga ƙauyuka da yawa. Babanta kuma yana ci-rani a kudu. Na zo ina ta kame-kame, kika katse ni. “Je ki yi aikinki, Hadiza. Ni tallar nono na yi har ƙafata ta tsage. Ke ki zauna a inuwa.”

Sai kuma kunya ta shiga tsakani. 'Yar fari ce, ga shi sunanki aka sa mata. Ban taɓa kiran ta ba, ban taɓa ɗaukar ta a gabanki ba. In na zo ƙarshen mako, nakan ajiye ledar biskit kusa da ke, ke ki miƙa mata, ki ce, “Ƙawata, karɓi, ki yi godiya.” Yaran gida suna ce mini Anti, ita ma ta bi su. Kuna dariya, ni ma ina yi. Kin ce haka kika yi da ɗanki na fari, Yaya Sani, kuma bai lalace ba. Amma Inna, ke gida ɗaya kuke da shi, kullum yana ganin ki a bakin murhu. Ni ina wani gari.

A wurin aiki awon jarirai nake yi. In ɗora su a ma'auni, in ce wa iyayensu su riƙa rungumar yaro, su riƙa kallon fuskarsa in suna ba shi nono. Har yaba mini suke, wai ina da hannun yara.

Zuwana na ƙarshe kin daɗe kina kallon ƙafafuna da suka kumbura. Kika ce, “Kina gwada jinin mutane, wa ke gwada naki?” Na gwada, Inna. Ya hau. A tsaye nake cin abinci, wani lokaci in manta da maganin a cikin jaka.

Yanzu Ummi tana wurina. Tare muke tafiya asibiti, ta zauna ƙarƙashin benci da kallabinki a hannu. Ba ta shan kununa, wai ba tsamiyar Inna ba ce. Na zaunar da ita zan yi mata kitso, ta ce in bari, Inna za ta dawo ta yi mata. Na bari. Kanta ya cukurkuɗe.

Karatun nan na Kano da kika daɗe kina yi mini addu'a a kansa, sunana ya fito. Goggo Rabi ta ce in kai mata yarinyar can Babura, ƙanwarki ce, za ta riƙe ta kamar ke. Na san za ta riƙe. Amma in na miƙa ta hannu na uku, ina jin Anti zan zama har in mutu. In kuma na zauna, inuwar da kika tsaga ƙafa dominta fa? Ban ba kowa amsa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Ya saka miki da alheri a kan kowane kunu da kika dama, da kowane goyo da kika yi a madadina. Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa mu a can. Ni kuma Ya ba ni bakin magana.

Ni ce 'yarki, Hadiza.

Har yau ban faɗa wa Ummi cewa ni ce uwarta ba.